Gida Ba Zaure: Ƙorafina Kan Labarin Garuruwanmu a Wikipedia

Na san waɗanda suka saba da littattafaina za su yi mamaki su ga yau na ajiye batun kishiya da uwar miji na koma maganar intanet. To ku yi mini haƙuri, abin ne ya biyo ni har tsakar gida, ba ni na je nemansa ba.

Wata rana da kaka, bayan la'asar, ina zaune ina tsince wake, sai ga 'yar yayana da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta shigo da littafinta a hannu. Ta ce, "Gwaggo, don Allah ara mini wayarki, an ba mu aikin gida, wai kowa ya rubuto tarihin garinsu." Na miƙa mata. Garin namu ba sai na ambaci suna ba, yana nan dai tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Tana buga sunan sai ga Wikipedia ta Hausa ta fito a sama, yarinya ta duƙufa tana kwafa. Ko minti biyar ba a yi ba ta ce ta gama. Na ce to karanta mana mu ji. Ta karanta cewa wuri kaza ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, faɗin ƙasarta kaza, yawan mutanenta a ƙidayar 2006 kaza, sai kuma lambar gidan waya. Ta yi shiru.

Baba yana gefe a kan tabarma da rediyonsa. Ya rage murya, ya dube ta ya ce, "Ke amarya, garin wa kike karanta mana?" Ta ce, "Garinmu mana, Kaka." Ya ce, "To ina fuloti? Ina ranar kasuwa? Wa ya sari garin?" Ta sake leƙa wayar ta ce babu. Ya ce, "Ai kuwa wannan takardar haraji ce aka ba ki." Muka yi ta dariya, amma ni da na kwanta da dare abin ya tsaya mini a rai, don na tabbata ba ita kaɗai ba, rabin ajin nan abin da za su kai wa malaminsu ke nan.

Kafin in ci gaba bari in ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wikipedia, wadda aka fara a 2001, ba ma'aikata ne ke rubuta ta ba, 'yan sa-kai ne. Ta Hausa kuwa yaranmu ne da ƙannenmu, maza da mata, suke ƙona datarsu da barcinsu har suka tara muƙaloli dubun-dubata a harshen da da can ko ka nema ba ka samu. Allah Ya saka musu. Abin da zan faɗa gyara kayanka ne, wanda Bahaushe ya ce bai zama sauke mu raba ba. Kuma shafukan nan kullum cikin canzawa suke, wanda na gani da aibu jiya wataƙila wani ɗan albarka ya gyara shi yau da asuba. Saboda haka ɗabi'ar da na ga tana maimaituwa zan kama, ba shafi ɗaya ba.

Kowace muƙala tana da wani yanki a can sama, kafin a fara saka kanun sassa. Shi ba a yi masa kai, da sunan abin kawai ake buɗe shi, a rubuta sunan da baƙi mai kauri. Ni dai zaure nake kiransa, domin aikinsu ɗaya. Baƙo idan ya zo gida a zaure yake tsayawa, a nan ake gaisawa, a nan yake sanin gidan wane ne, malami ne ko mahauci ko basarake. Da yawan baƙi ma daga nan suke juyawa, ba su taɓa ganin tsakar gida ba. Su kansu masu Wikipedia ƙa'idar da suka shimfiɗa ke nan: jimlar farko ta faɗi ko mene ne abin, sauran kuma su taƙaita mafi muhimmancin abin da ke ciki, yadda wanda ya tsaya a nan zai tafi da guzuri.

A wajenmu wannan ƙa'ida ta fi nauyi fiye da a wajen Bature, kuma ga dalili. Mu nan ƙasar wa ke karatu da kwamfuta? Daga malamin makaranta har ɗan kasuwar hatsi na Ɗandume, kowa da waya yake dubawa. A waya kuwa, idan ka buɗe muƙala, zauren nan kaɗai ne a buɗe. Sauran sassan duk a naɗe suke, kanunsu kawai za ka gani a jere kamar ƙofofin shaguna ranar da ba kasuwa, sai wanda ka taɓa zai buɗe. Sau da yawa ma mutum ba ya kaiwa shafin, layukan farkon da Google ya tsakuro masa su yake karantawa ya rufe, don data tsada gare ta. Ashe ke nan layi uku ko huɗun nan su ne garin gaba ɗaya a idon yawancin mutane. To a ce layukan an cika su da lambar gidan waya? Yaushe rabon da wani a garinmu ya aika wasiƙa?

Na bi sawun abin don in ga inda wannan takardar haraji ta samo asali, kuma ba wuya na gane. A Wikipedia ta Turanci an daɗe da yi wa ƙananan hukumomin Nijeriya, su 774, gajerun shafuka masu kama ɗaya, waɗanda aka ciro daga jadawalin ƙidaya. Wanda ya yi su bai yi laifi ba, abin da ke gabansa ya zuba. Sai namu suka zo suka juyo su zuwa Hausa yadda suke, musamman da yake akwai na'urar fassara a cikin shafin wadda ke sauƙaƙa aikin, kuma lokacin gasa kowa yana son a ƙirga masa muƙaloli da yawa. Abin takaicin shi ne, mai fassarar nan sau da yawa ɗan ƙasar ne. Ya san garin, wataƙila ma a can aka yanke masa cibiya, amma ya ajiye saninsa a gefe ya ɗauko na wanda bai taɓa shan ruwan garin ba.

A ce kana tashar mota a Zariya, wani baƙo ya tambaye ka, "Malam, Funtuwar nan wane irin gari ne?" Wallahi ba za ka fara da murabba'in kilomita ba. Za ka ce masa gari ne na auduga da hatsi, mahaɗar hanyoyi, wanda jirgin ƙasa ya raya. Da ni za a ba alƙalami, ga yadda zan buɗe:

Funtuwa gari ne kuma ƙaramar hukuma a kudancin jihar Katsina, a kan hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato, inda hanyar Bakori da Malumfashi ta rabu. Ta bunƙasa ne a zamanin Turawa, bayan da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, ta zama cibiyar saye da gurzar auduga. Hakiminta shi ne Sarkin Maska, sarautar da ta samo suna daga tsohon garin Maska. An san ta da noman masara da dawa da auduga, da masaƙa, da kuma tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a 2024.

Ban ce nawa ya fi na kowa ba, amma ko Baba da na karanta masa ya gyaɗa kai. Yawan jama'a da faɗin ƙasa ba a ce a zubar da su ba, ai akwai ɗan akwatin nan na gefe da aka yi domin irinsu. Daga nan sai a shiga ciki a ba kowane abu ɗakinsa: kamfanin BCGA na Turawan Ingila, wanda aka kafa a Manchester a 1902 don nema wa masaƙunsu auduga, da gidajen gurzar da ya kakkafa a wannan yanki, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, wanda shi da na Gusau da na Gombe ne na farko a ƙasar nan, madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye, da zaman da Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi a garin kafin rasuwarsa a 1999. Haka Malumfashi. Duk zauren da bai faɗi cewa nan ne mazaunin Galadiman Katsina ba, ai bai gaisa da baƙo ba. Wannan kujera ce marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, tsohon shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasa, ya riƙe har ya rasu a 2019.

Akwai wurin da abin yake da wuya, ba zan ɓoye ba. Ɗauki Ƙanƙara. Mutumin waje, in ya san sunan, ta dalilin ɗaliban da aka sace a makarantar kimiyya a watan Disamba na 2020 ya sani. Mai rubuta zauren Ƙanƙara yana tsakanin abu biyu. In ya share maganar don kishin gari, ya yi wa mai karatu rowar gaskiya. In kuma ya bar ta ta cinye zauren, ya mayar da gari mai tarihi da kasuwa da manoma ya zama labarin dare ɗaya. Ni a ganina jimla ɗaya ta ishe ta a sama, bayan an gama faɗin ko wane gari ne, sauran bayani a kai shi ciki. Haka Faskari da Sabuwa. Irin wannan awo na'ura ba ta iya shi, sai mutumin da abin ya shafa kuma yake tsoron faɗin ƙarya.

Wani aibun kuma kishiyar na farko ne, shi a tarihin mutane ya fi yawa, musamman masu mulki da masu kuɗi. Za ka buɗe ka ga an fara da haziƙi, jajirtacce, gwarzon matasa, mai kishin talakawa, ka yi layi uku ba ka san ko ɗan majalisa ne ko ɗan kwangila ba. Wannan aikin maroƙa ne, kuma maroƙa suna da filinsu, ranar suna da ranar naɗi. A nan kuwa abin da ake so a ce wane ne, yaushe aka haife shi, me ya yi da har ya isa a rubuta shi. Alal misali uwarmu a wannan sana'a, Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda muke kira Anti Bilki, ba ta bukatar a ce mata fitacciya ko shahararriya. A ce marubuciyar littattafan Hausa ce daga Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni, wadda matan Arewa suka yi ta rububin littattafanta a shekarun 1990. Aikin ya yi mata kirarin da kansa.

Kada in yi ta nuna wasu da yatsa, mu ma marubutan labari muna da namu ciwon. Mu an koya mana ɓoyewa. Mukan fara da godiya da sadaukarwa da gargaɗi, sannan hadari ya haɗo daga gabas, sannan wata kyakkyawar budurwa ta fito tana kuka, ba za ka san dalilin kukan ba sai a littafi na uku. Ranar da na fara gwada rubuta zauren garinmu a takarda, sai da na cika rabin shafi da iskar damina da ƙanshin ƙasa ban ambaci jihar da garin yake ba. Na karanta na ji kunya na yage. Mai labari yana jan rai ne don a sayi na biyu. Mai wannan aiki kuwa tun a bakin ƙofa yake juye buhunsa.

To mu shiga cikin gida, wato maganar kanun sassa. Nan ne na fi jin haushi, don abu ne da muka gada, ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san littafi yana da babi, babi kuma yana da fasali a ƙarƙashinsa. Babin tsarki daban, a cikinsa a sami fasalin alwala da fasalin taimama. Ba ka taɓa jin almajiri ya ɗauki fasali ya ɗora a kan babi ba, ko ya cusa babin gado a cikin babin azumi. Tsarin Wikipedia shi ne wannan ɗin sak, sai dai su da alamar daidai ta lissafi suke yi, 'yan layuka biyun nan da ke kwance. Ka saka biyu a kowane gefen kalma, ka yi babi. Ka saka uku, ka yi fasali a cikin babin da ke samansa. Huɗu kuma reshe ne a cikin fasali. Guda ɗaya tak ba a taɓa ta, ta sunan muƙalar ce.

Abin da nake gani shi ne ana zuba alamomin nan da ka, kamar mai barbaɗa gishiri. Wani yana ganin uku ta fi biyu kyau a ido don rubutunta ya fi ƙanƙanta, sai ya saka uku. Bai san ya mayar da uba ɗa ba. A kwamfuta abin ba ya tayar da hankali sosai, amma ka tuna abin da na ce game da waya: manyan babuka kaɗai ke fitowa a jere, fasali yana naɗe a cikin babinsa. Idan aka yi kuskure aka saka Noma a matsayin fasali a ƙarƙashin Siyasa, don kawai shi ya biyo baya, to mai waya ba zai taɓa ganinsa ba sai in ya buɗe Siyasa, kuma me zai kai mai neman labarin masara cikin siyasa? Rubutun yana nan, wahalar da aka sha tana nan, amma an kulle ta a ɗakin da ba nata ba. Wani kuma ba ya saka alamar sam, sai ya rubuta kan da baƙi mai kauri ya wuce. A ido kamar kai ne, amma ba zai fito a jerin abubuwan da ke ciki ba, kuma makafin da ke amfani da na'urar da ke karanta musu shafi, waɗanda da kanun nan suke tsallakawa daga sashe zuwa sashe, su an rufe musu hanya ke nan.

Sai kalmomin da ake sakawa a kanun. Akwai wanda duk lokacin da na gani sai na yi dariya, wato "Rayuwa ta sirri". Ka buɗe da sauri kana zaton za ka ji abin da aka ɓoye, sai ka tarar an ce yana da mata biyu da 'ya'ya tara. Yaushe aure ya zama sirri a ƙasar Hausa, abin da ake tara gari a raba goro? Iyali ake nufi, a rubuta Iyali mana. Haka "Rayuwar farko", kamar mutum yana da ta biyu a nan duniya, alhali ga Haihuwa da tasowa, ga Ƙuruciya. Na kuma ga inda aka saka "Gado" a ƙarshen tarihin mamaci, ana nufin abin da ya bari na alheri da ake tunawa da shi, ni kuwa na shiga ina neman yadda aka raba gonaki. Amma fa akwai wanda suka dace ƙwarai: Manazarta, sunan da suka ba wurin jera littattafan da aka dogara da su. Kalma ce da ta zauna daram, kamar tun kakanni ake faɗinta. Wanda ya iya samo wannan ai zai iya samo sauran.

Na yi wannan ƙorafi a gaban wani ƙanen ƙawata da ke cikin masu wannan aiki, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Anti, kin yi gaskiya, amma ki sani jerin nan iri ɗaya da kike kuka da shi yana da amfani. In kowane gari aka yi masa nasa tsari, mai karatu zai ɓata. Yanzu kuwa ya san Tarihi na sama, Manazarta na ƙasa, ko wane gari ya buɗe." Na yarda da shi a nan, don ko kasuwa ma an san layin 'yan hatsi da layin 'yan koli. Inda muka rabu shi ne nauyin da ake ba kowane babi. A ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, daga Ɗanja mai rake da tumatir har Ƙafur da Matazu, noma shi ne gari. Bai kamata ya zama layi ɗaya a ƙarƙashin Tattalin arziki ba, a bayan jerin bankuna. Ya cancanci babinsa, da fasalin auduga, da fasalin hatsi, da fasalin noman rani, da fasalin kasuwanni. Ya ce to ai ƙofa a buɗe take, in shiga in gyara da kaina, ga alamar fensir nan a gefen kowane sashe.

Na kuwa shiga. Gyaran kanu bai ba ni wuya ba, cire alama ɗaya ce a nan, ƙara ɗaya a can, cikin minti goma Noma ya fito fili ya tsaya da ƙafarsa. Zauren ne ya tsayar da ni. Na zauna da Baba ya ba ni labarin fuloti tiryan-tiryan, yadda ake kawo auduga a kan jakuna, yadda malamin awo ke duba ta ya raba mai kyau da maras kyau, da yadda kuɗin kaɗa ke aurar da 'yan matan gari. Na rubuta, sai yaron nan ya ce mini ba za ta zauna ba sai da madogara a rubuce, littafi ko jarida, in ba haka ba wani zai zo ya cire. Ya ce in nemi littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, shi ma ɗan Musawa, wanda ya yi kan tarihin ƙasar Katsina aka buga a 1981, ko da yake shi a 1883 ya tsaya, bai kawo zamanin fuloti ba. Na auduga sai dai a tona a ɗakin karatu na jami'ar Zariya.

Na gaya wa Baba yadda muka yi. Ya yi shiru, ya murɗa rediyonsa, can ya ce, "Wato ni da na ɗauki buhun a kaina ban isa shaida ba, sai wanda ya zo ya tambaye ni ya rubuta?" Na ce haka dokarsu take, Baba. Ya ce, "To ke ba marubuciya ba ce? Ɗauko biro."

Yanzu haka mun cika littafin rubutu ɗaya da rabi, mun kai shekarar da aka fara rabon takin zamani. Ita kuwa amaryar tasa, an ba ta bakwai cikin goma a takardar harajinta, ta zo tana yi mana gwalo.